Tukunyar da Tibor Ya Ɗaura

Shekara ashirin da biyu motar Merv na shan dizal,
ƙafa huɗu na ja, baya na tofar da baƙin hayaƙi.
Da ya rasu na gaji makulli da bashin banki,
da rijiyoyi goma sha ɗaya da sai an zaga an duba,
da shanun da ba su san an yi rashi ba.

Tudun rairayin yamma da Windorah ba ya jin magiya.
In na ɗauro tirelar ruwa sai ta hau rabi ta tsaya tana nishi,
in sa giya ta ɗaya, in take totur har ƙasa,
in tsinci bakina yana lallashinta da irin kalmomin mai ita.

Na kai ta Quilpie, garejin Tibor Vadas,
tsoho mai yatsu tara da rediyon da ba ya kama tasha.
Ya shige ƙarƙashinta ya daɗe, takalmansa kawai nake gani.
Ya fito ya ce: Noelene, injin nan da sauransa,
abincinsa ne ba ya cinyewa.
Kuɗinki ne ke fita ta salansa, baƙi ƙirin.

Kwana uku ya yi a kanta.
Ya sauke safayar taya, ya ɗaura farar tukunyar gas a gurbinta,
ya ja bututu siriri, bai kai ɗan yatsa kauri ba,
ya bi da shi gefen shasi har bakin da inji ke shaƙar iska.
Kusa da sitiyari ya kafa agogo mai jar allura
wanda bai san ƙarfe nawa ba, zafin hayaƙi kaɗai ya sani.

Ya ce: Dizal ne abincin, wannan gishiri ne.
Kaɗan ya isa wuta ta lashe kwano.
Kika zarce, za ki ji ƙwanƙwasa kamar baƙon tsakar dare,
kuma ba da alheri ya zo ba, fistin ne ke narkewa.
Ya ɗaure kan sukurun da waya, ya ɗiga masa jan fenti,
ya kalli jikana Kieran da ke leƙen bonet,
bai ce masa komai ba. Yaron ya mai da hannu aljihu.

Ranar Laraba na koma wa tudun.
Na danna maɓalli, koriyar fitila ta kama,
ta haye da giya ta biyu, ruwa na tambal-tambal a baya,
ba tari, ba roƙo.
Wani kangaru ya tsaya a gindin ƙaya yana kallon ikon Allah.
A ƙoli na duba madubi.
Sarari. Jan rairayi da shuɗin sama, ba komai a tsakani.

Nan na kashe inji.
Don wannan hayaƙin nake hangowa daga tagar kicin,
tun yana mil uku, kafin ƙara, kafin kare ya miƙe,
sai in ɗora buta a wuta.
Na biya dala dubu uku an share mini shi daga sama.

Lissafi dai bai yi ƙarya ba, na rubuta a bayan rasit:
tankin da ke kai ni rijiya ta bakwai
yanzu har ta tara yake leƙawa.
Banki ya ga bambanci. Shanu sun sha a kan kari.

Watan jiya tukunyar ta ƙare tsakanin ta huɗu da ta biyar.
Fitila ta mutu, mota ta yi nauyi, ta koma tsohon takunta,
hayaƙi ya taso a madubi, a hankali, kamar mai jin kunya.
Famfon gas mafi kusa tafiyar awa huɗu ne.
Tibor ya bugo waya sau biyu yana tambaya.
Na ce masa zan je.
Sati uku ke nan, ban je ba tukuna.